Ranar da Nababa Ya Rasa Ɗaki

Nababa mai gyaran keke, mutumin Ashige, irin mutanen da ne: ko sunan 'yarsa ta fari, Sailuba, ba ya kamawa. A 1984 ya riƙo hannunta suka karaɗe unguwannin Lafiya, yana neman ɗaki mai araha kusa da firamare saboda karatunta. Da ƙyar suka dace da ɗaya a gidan wata tsohuwa 'yar ƙabilar Eggon.

"Wannan 'yarka ce?" in ji tsohuwar.

Kunyar ɗan fari ta kama shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ta mutane ce."

"To, ni ba na ba mai yawo da 'yar mutane haya."

A hanya Sailuba ta zare hannunta daga nasa.

"Baba, waɗanne mutane?"