Wuƙar da ba a mayar wuta ba

Littafin na Faransanci ne, mai baƙin bango, kuma nauyinsa ya isa a danne baho da shi kada iska ta kwashe. A lise, makarantar koyon sana'a ta Maradi, aka ba mu shi. Kowane shafi magana ɗaya yake nanatawa: ƙarfe yana sake hali daga ciki ba tare da ya narke ba. Ni jikan maƙeri ne, don haka na ɗauka na gama sani. Sai da na zo babin tsoma ƙarfe a ruwa na gane da saura. Akwai hoton cikin ƙarfen da aka ciro ja-wur aka tsoma farat ɗaya: allurai ne cunkushe, kowace na tokare da 'yar'uwarta. Littafin ya ce idan ba a mayar da irin wannan ƙarfe wuta an ɗumama shi a hankali ba, yana iya tsagewa da kansa, yana ajiye, ba wanda ya taɓa shi.

Shekarar da tafkin Madarunfa ya ja baya har aka riƙa taka tsakiyarsa, na zo hutu ƙauyenmu da littafin a jaka. Kakana Anne ne, bai taɓa barin tsafin gidansu ba. Babana kuwa ya shiga majami'a tun yana saurayi, ya bar masaba ya bar yanka kaza wa uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kansa. Tun daga nan ba su sake cin tuwo a akushi ɗaya ba. Gaisuwa kawai, ita ma daga nesa.

Wani hantsi kaka ya hura wuta, ya ce wa kakata wuƙa zai ƙera wa babana. Ba wanda ya roƙe shi, ba kuma wanda ya san dalili. Ya buga, ya daidaita, ya tsoma ta a kwatarniya, ya ɗora bisa uwar maƙera. Ya miƙa hannu zai ja zugazugi, sai ya kife a wurin.

A gidanmu ba a taɓa kayan maƙerin da ya mutu sai an share makoki. Baffana ya gicciye ƙaya a ƙofar rumfar ƙirar. Kakata ta dubi babana a gaban jama'a ta ce, "Wuƙar nan taka ce. In ta kai ƙarshen makoki lahiya lau, ya yahe maka. In ba haka ba, kai ka sani."

Ni kuwa na san abin da ke cikin wuƙar: kaka bai kai ga mayar da ita wuta ba. Na je wa baffa da maganar, ya ce, "Kai ɗan lakwal, ban da boko mi ka sani? Tashi ka ba ni wuri." Na ji haushi ƙwarai, har yau ma ina ji. Na sami babana a gindin iccen bedi, na buɗe masa hoton alluran, na fassara masa layi-layi. Na ce, "Baba, garwashi kaɗan take so. Ka bar ni in shiga."

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce, "In ka taɓa ta, amsar taka ce, ba ta kakanka ba."

Haka muka zauna. Masu gaisuwa na zuwa daga Safo da Ɗan Issa, 'yan majami'a a tabarma ɗaya, Anna a ɗaya. Rumfar tana buɗe ta gefe, kowa na hango wuƙar, baƙa, kwance. Kaji da suka saba tono a tokar wurin suka daina shiga. Ban san dalili ba, littafin bai yi maganar kaji ba. Ni dai kunnena na can.

Ranar da za a share makoki, rana tsaka, an fara naɗe tabarmi, babana ya miƙe yana kakkaɓe riga. Sai muka ji ƙyas! Ƙara ce siririya, kamar an taka busasshen kara. Ba kowa a rumfar, ko iska babu. Wuƙar ta rabu biyu, ɓari ɗaya na ɗan lilo bisa uwar maƙera. Kakata ta rufe fuska da mayafi.

Babana ya janye ƙayar, ya ɗauki ɓarin biyu ya sa aljihu.

Na yi shekaru ina koyar da wannan babi, na zana alluran a allo har hannuna ya hardace su. Littafin ya faɗi dalilin tsagewa sarai, amma bai faɗi lokacinta ba.

Bayan babana ya tsufa idonsa ya tafi, duk zuwana gida sai ya ce in ɗauko baƙin littafin in karanta masa wurin. Ba ya jin Faransanci, amma ba ya yarda in tsallake. In na gama sai ya shafa aljihun da ɓarin wuƙar suke, ya yi tambayar da ya saba.

"To, da ya ƙara ko numfashi kaɗan, da ya maida ta wuta?"

"Da ya mayar, Baba. Hannunsa na kan zugazugi."

Sai ya ce in sake karantawa.