Injiniya Sabri da Fayil ɗin da Aka Danne

Dakta Medhat, abokin aikinmu, ya yi ganganci, ya ɗora ƙarya a kai, ya nemi shafa wa Injiniya Sabri Ghattas laifi ana saura wata guda ya yi ritaya.

Shekara ashirin da shida Sabri yana riga kowa isowa cibiyarmu ta binciken teku a Iskandariyya. Yakan ajiye wakensa da gurasa a gefe, ba ya ci sai babbar kwamfuta ta fitar da hasashen igiyar ruwa da masuntan Abu Ƙir ke jira. Dokarsa ɗaya ce. Akwai fayilolin da duk manhajojin kwamfutar ke aron umarni daga cikinsu, ana ce musu laburare. Wanda ya gina kayan harhaɗa manhaja na ƙashin kansa, ya ajiye laburarensa a wuri dabam, kada ya taɓa na gida, wato na kwamfutar da kowa ke amfani da su.

Medhat ya gina nasa kayan, amma manhajarsa ta dinga ɗauko tsohon laburaren gida tana ƙin tashi. Maimakon ya tambaya, sai ya shiga da izinin da yake da shi irin na mai kula da kwamfuta ya danne na gida da nasa. Sunansu ɗaya, cikinsu ya bambanta. Washegari hasashe bai fito ba.

A gabanmu Medhat ya ce wa darakta, "Ranka ya daɗe, tsohon nan ya gaji. Kwamfutar ta fi ƙarfinsa." Darakta ya ba Sabri zuwa azahar, in ba haka ba takardar tuhuma ce za ta raka shi gida.

Sabri ya ce, "Dakta, ka taɓa wani abu jiya?"

"Ni? Haba Injiniya, ni da ko shayi sai an haɗa min?"

Sabri bai ja da shi ba. Ya bi fayilolin da manhajar hasashe ke ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya, har ya iske baƙon, da sunan ma'ajiyar Medhat a jikinsa. Darakta ya karanta da idonsa. Sabri ya mayar da na asali daga kwafin da yake adanawa, hasashe ya fito. Sannan ya nuna wa manhajar Medhat hanyar laburarenta.

"Taka ma ta tashi, Dakta. Gyaran layin umarni ɗaya ne."

Kai ne, Sabri, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da abu ya tsaya. Ka gyara aikin wanda ya so ɓata maka suna, ba ka ɗaga murya ba. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma matasa, ku koyi tambaya kafin ku taɓa abin da jama'a ke amfani da shi.

Medhat kuwa, an ƙwace izininsa, kuma takardar tuhumar ta fita da sunansa.