Fatari a Hanyar Yendi

Matso kusa ka ji, don wannan ba maganar da ake ɗaga murya a kanta ba ce. Ko yanzu da furfura ta cinye mini gemu, in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi.

Ni mutumin zaure ne. Bar ni a ƙofar gida a Salaga da buhunan masarata da abokan hira, ba ruwana da yawo. Babur ɗin ma don sayo kifi a Makango na saye shi, a shekarun da mai ya yi wuya ana sayar da shi a kwalba. A lokacin duk mai babur shi ne bakaniken kansa. Ba ka fita sai da kayan aiki ɗaure a bayan sirdi da robar tsohon tif: sifanu, filaya, sukudireba, fulogi na ajiya, da faci. Nawa a tsohon buhun gishiri suke, suna ƙwaram-ƙwaram duk ramin da na faɗa. Na yi wa uwar yarana ƙorafin ƙarar, ta ce in bar mata, za ta san dabara. Ƙara ta ɗauke, ni kuwa ban leƙa buhun ba.

Sai saƙo ya zo daga Bawku cewa yayan surukina yana kwance rai a hannun Allah, yana ta kiransa. Motar Bawku bayan azahar take tashi daga Yendi, in ta wuce sai wata kasuwar. Ran nan kuma ba motar da ta fita daga Salaga. Aka ce ni zan kai surukin nawa Yendi a babur.

Ka san yadda muke da suruki. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, gaisuwa a durƙushe, takalmi a waje. Ita kuma 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce "mutanen gidanka". Yau ga shi a bayana, na zauna kamar an kafa ni da ƙusa.

Mun wuce Bimbilla kaɗan babur ya yi tari, ya sake, ya mutu. Karatu ban yi nisa ba, amma kunnena ba ya yi mini ƙarya: datti ne ya toshe kafireta. Har na ji daɗi a raina, na ce yau Baba zai ga aiki. Na kwance roba, na buɗe bakin buhu. Jan ƙyalle na gani mai farin leshi a baki. Fatarin matata ne, kuma ba wanda ta daina sawa ba.

Na rufe buhun da sauri. Na hau na yi ta tayarwa da ƙafa, na buɗe tanki na hura, na girgiza babur kamar mai neman laya.

"Malam, ba ka taho da kayan aiki ba?" in ji Baba.

"Suna nan, Baba."

"To?"

"Ina so ya ɗan huce ne."

Ya dubi inuwarsa a ƙasa, ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce, "Shi wanda ke Bawku ban sani ba ko zai jira babur ya huce."

Na zura hannu cikin buhu ko zan zaro sifana ɗaya a ɓoye. Ina fa! Ta naɗe su tam, ta ɗaure da igiyar fatarin, irin ƙullin da take yi wa daddawa. Dole na fito da shi gaba ɗaya na kwance da haƙori. Ya warware a kan jar hanya, iska ta ɗaga leshin, ƙanshin turarenta ya tashi. Abin da ya fi muni, kafireta ba a kwance ta a kan rairayi, ƙaramin noti ɗaya ya faɗi ka kwana a daji. Sai a kan shimfiɗa. Shimfiɗar da nake da ita ke nan.

Baba ya juya baya, ya fuskanci wata gonar doya. Can ya ce, "Kunyar mutanen nan da girma take." Kunyar doya yake nufi, ko ya so in ɗauka haka. Sai na ji motsin yadi. Ya warware rawaninsa fari fat, ya miƙo ta baya ba tare da ya waiwayo ba.

"Wannan tsumman naka ya sha baƙin mai. Ajiye shi, shimfiɗa wannan."

Ko ɗigon mai babu a jikin fatarin. Amma tun da Baba ya ce tsumma ne, tsumma ya zama. Na cusa shi cikin riga. A ƙarshen maganarsa na ji muryar ta ɗan yi rawa, kuma wannan karon kunnena ya kasa gaya mini ko dariya ce ya haɗiye ko kunya.

Na yi aikin ina kallon mai yana bin rawanin dattijo. Na hura, na mayar, bugu ɗaya ya tashi. Muka kama hanya har Yendi. Mun tarar yaron mota yana ɗaure kaya a sama. Baba ya naɗa rawanin, ya tura tabon ciki, amma wani ya fito daidai saman kunne. Da ya kama ƙofar mota ya ce, "A gaida mutanen gidanka." Ya iske yayansa da rai, har sun yi magana.

Da na gaya wa uwar yarana sai ta rufe fuska da zane ta ce, "Kai ka ce ƙara tana damunka." Ta daɗe ba ta taka gidansu ba. Tabon kuwa ya ƙi fita, da rawanin Baba ya ci gaba da zuwa masallacin Juma'a. Na sayi sabo mai kyau, na kai har ƙofar zaurensa, na juyo da shi. In na miƙa masa, na tuna masa abin da ya ce bai gani ba. In na bari, dattijo yana yawo da baƙin maina a ka. Da kai ne a ƙofar zauren nan, shiga za ka yi ko juyawa?