Kakin Da Ya Ƙi Bushewa

Ni tela ne, shekara ashirin da ɗoriya ina taka keke a wata 'yar rumfa cikin kasuwar Daura, kuma rabin aikina rage kayan gwanjo ne. Abin da zan ba ku labari ya faru da ni shekara bakwai ke nan, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba, da hannuna na taɓa. Wanda zai ƙaryata ya ƙaryata, ni ma da wani ne ya ba ni da na ce ya sha wani abu.

Wata Talata da hantsi Sale, wani ɗan acaba mai jigila tsakanin Daura da Kongolam, ya shigo da rigar kaki ta soja a leda. Ya ce a gabansa mai gwanjo ya yanke ƙarfen sabuwar dila, ya tsinto ta cikin rigunan sanyi, yana so in cire aninan kafaɗa in rage masa ita, don kar sojoji su gan shi da ita su sa shi tsallen kwaɗo. Anini uku ne, ka ga ta kyaftin ce ke nan. Na ce ya dawo jibi.

Ina ɗaukar ta na ji ta da danshi, tana wani ƙarni irin na taɓon bakin tafki. Na shanya ta a rana wuni guda, ranar da ko kare ba ya iya taka ƙasa, na ɗauko ta kamar yadda na shanya. Na zuba gawayi a dutsen guga na danna mata, tururi na tashi, ina ɗagawa danshin na dawowa. Na ce wa kaina irin yadin ne.

Da na sa tef zan auna sai na ga hannun hagu ya gaza na dama da inci ɗaya da rabi. Kamfani ba ya wannan kuskure, tela ne ya rage. Na juya bakin hannun, kun san kowane tela ya san ɗinkinsa ko cikin dubu, ni kuma bahago ne, in zan tuƙe zare baya nake komawa sau uku in ƙulle ta hagu. Ɗinkina ne. Na farke cikin kwala, sai ga 'yar laya a naɗe da jar fata, a daidai inda na saba ɓoye wa sojoji in iyayensu sun ba su.

Mutum ɗaya na taɓa rage wa hannun hagu haka, Lawal, mutumin wani ƙauye a bayan Baure, wanda ya karye tun yana yaro aka yi masa ɗori hannun ya gajarce. Ya kawo min rigar ana gobe zai koma fagen daga can wajen tafkin Chadi, yana ta tsokanata wai ɗinkin bahago ba ya miƙewa. Tun daga nan shekara huɗu ba shi ba labarinsa. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Matarsa Hadiza tana zaune a gidan uwarsa, ba ta da miji ba ta kuma yi takaba ba, danginta sun yi sun yi ta je wajen alƙali, ita da tsohuwar suka ce sai sun ga shaida.

To ni ga shaida a hannuna, kuma in gaya muku gaskiya tsoro ya hana ni kai ta. Wa zai so ya zama shi ne ya kai wa uwa irin wannan? Na lallashi Sale na ba shi wata rigar, na cusa kakin a ƙarƙashin tebur. Kwana takwas ina jin ƙarninsa, ƙasan wurin ya jiƙe, masu kawo ɗinki suna tambaya ko randa ce ta fashe.

Ran na tara na shiga motar Baure, ban gaya wa kowa ba, ko matata ce mata na yi zan je sayen zare. Daga Baure na hau babur, na isa ƙauyen bayan azahar. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan, dattawa zaune, liman a tsakiya. Na ce shi ke nan, tsohuwar ta rasu. Ina yin sallama wani dattijo ya dube ni ya ce, "Kai ne telan Daura? Shiga, kai ake jira."

Tsohuwar tana zaune a bakin ɗakinta. Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni." Hannu ta miƙo min.

"Ka daɗe, ɗan nan. Tun Talatar waccan ya ce tana wajenka."

Na ce, "Inna, wa ya ce?"

"Lawal mana. Da hantsi ya shigo ina tsince wake, ya zauna kan turmin can, ba riga, jikinsa duk ruwa. Ya ce Inna, rigata na wajen bahagon tela, in ta iso a yi min salla, a bar Hadiza ta fara takaba. Kullum sai na sa an shimfiɗa tabarmi."

Ta karɓi rigar ta laluba kwalar, ta ciro layar ta damƙe, ba ta yi kuka ba. Hadiza ta fito daga ɗaki, ta ɗaga rigar tana dubawa gaba da baya, ba huda, ba jini, ba yaga. Ta tambaye ni a ina na same ta, na faɗa mata. Sai ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan tabarma ta ce, "Malam, mun gode, Allah ya saka." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi, don kwana takwas ɗin nan ni na ƙara mata su.

Aka yi masa salla ba gawa, na bi sahu. Da na dawo na je wajen mai gwanjon, ya rantse dilar daga ƙetaren teku ta zo, ta Nijar aka shigo da ita, ba wanda ya buɗe ta kafin shi. Har yau ban san yadda rigar da na ɗinka a Daura ta shiga cikinta ba, kuma na daina tambaya.

Shawarata gare ku, in kun sayi gwanjo ku juya cikinsa ku duba kafin ku sa a jiki. In kuma Allah ya sa kun gane mai shi, kada ku kwana da shi kamar yadda na yi, akwai waɗanda ke zaune suna jira.