Hoto na bakwai

A unguwarsu kowa Matsa-gefe yake kiransa, har waɗanda ya girme wa ubanninsu, shi kuma bai taɓa jin haushi ba don ya san shi ya jawo wa kansa. Mai hoto ne, amma ba irin wanda za ka je wurinsa da sabon ɗinki ba. Shi gari yake ɗauka, da duwatsu, da kogi, da sararin sama, a hoto guda mai tsawon da sai mutum biyu sun riƙe shi. Ofisoshi da otal-otal ne ke saye su rataya a bango.

Aikin nasa na masu haƙuri ne. Zai hau dutsen da ke bayan gari da kyamara da mazauninta mai ƙafa uku, ya kafa, ya ɗora wata 'yar kwalbar ruwa a kai har sai ya ga ruwan ya kwanta daidai. Daga nan ya fara daga hagu: ya ɗauka, ya juya kaɗan, ya sake ɗauka, kowane hoto yana cin kashi ɗaya cikin uku na wanda ya gabace shi, har goma sha biyu. In ya wanke su sai ya shimfiɗa a tebur, ya haɗa rufi da rufi, wayar lantarki da wayar lantarki, ya shafa gam, ya kwantar da bakin wannan a kan wancan. Ko rula ba ya nema. Ido ba mudu ba ne, in ji shi, amma ya san ƙima.

Abin da ya tsana a duniya shi ne abu mai motsi. Akuya ta taɓa fito masa da kai biyu, wani mai keke kuma ya fito sau uku a titi ɗaya. Tun daga nan ba ya barin ko kaza ta gifta. Mutum na nesa zai fara ɗaga masa hannu: "Matsa gefe, don Allah, matsa gefe." Har matarsa ba ta tsira ba.

Ita kuwa mace ce mai barkwanci. In ta gan shi yana goge gilashin kyamara sai ta ce, "Malam, duwatsun nan sun fi ni sa'a. Ni yaushe za a ɗauke ni?"

"Ke ai kina nan," yake cewa. "Haske ne ke gudu."

Shekara talatin da huɗu suna wannan zance. Da wayoyi masu kyamara suka zo, 'ya'yan suka yi ta binta, ita kuma ta rufe fuska da mayafi tana dariya. "In mijina bai ɗauke ni ba, babu mai ɗauka ta. Layi nake bi, bayan duwatsu." Kowa ya ɗauka wasa ne, har da shi. Zazzaɓin kwana shida ya ɗauke ta.

Da masu ta'aziyya suka watse, gida ya yi shiru, Auta ta zauna kusa da shi. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana da tsohon ciki a lokacin.

"Baba, ka ba ni hoton Mama. Ina so abin da zan haifa ya san fuskarta."

Ya tashi da ƙarfin gwiwa ya buɗe akwatuna. Kwana biyu yana tonawa. Ya sami kogi a cike, kogi a ƙafe, kasuwa daga sama, gadar da aka riga aka rushe. Na matarsa sai na katin shaida, ɗan mitsitsi kamar farcen babban yatsa, ya koɗe, kuma wani mai hoton ne ya ɗauka. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya kasa haɗa ido da 'yarsa.

A rana ta uku yana zaune a falo idonsa ya sauka kan dogon hoton da ke bango, wanda ya fi alfahari da shi, sai abin ya faɗo masa. Shekara ashirin da shida da suka wuce, ranar da ya ɗauke shi, ya fita bai karya ba, ta biyo shi kan dutsen da kwanon abinci. Yana danna na bakwai ta faɗo ciki ta gefen dama. Ya yi ta faɗa, fim kuma ya kusa ƙarewa, babu halin sakewa. Da ya zo haɗawa sai ya jawo na takwas ya ƙara masa ci, ya rufe ta ruf, ba wanda ya taɓa ganewa. Fim ɗin ya daɗe da lalacewa tun damunar da rufin shagonsa ya yi yoyo. Amma ita tana nan a ƙarƙashin takardar, a bangon da take gogewa kowace safiya.

"Auta, ɗora ruwa a wuta. Mamanki tana cikin hoton nan."

Suka sauke shi, suka cire gilashi, suka kwantar a tebur wajen taga. Auta ta riƙe butar tana kai tururi bakin haɗin, shi yana bi da sabuwar reza. Ya san haɗarin fiye da kowa. Gam ɗin nan shi yake dafa abinsa, ya sha bugun ƙirji a gaban abokan sana'a cewa abin da ya liƙa sai dai wuta. Yau ga shi yana roƙon Allah a ce ƙarya ya yi.

"A hankali, Baba."

"Na sani. Kawo tururin nan ƙasa."

Takardar ta fara ɗagowa. Gefen zani ya bayyana, mai ɗigo-ɗigo, Auta ta ce ta san shi. Sai hannu riƙe da kwano, da ɗan siririn abin hannu. Sai kafaɗa. Saura faɗin yatsu biyu.

A nan ne ya fi zuba gam a wancan lokacin, don kada bakin ya taɓa tashi. Rezar ta tsaya. Ya ƙara tururi, ya jira, ya ɗan taɓa. Wata 'yar ƙara ta fito, ba ta kai ƙarar yaga ganye ba, takardar sama ta taso gaba ɗaya. Daga wuya zuwa sama babu komai sai fari. Ya juya wadda ya ɗaga da sauri. Fuskar tana manne a bayanta, ta kife cikin gam, abin da ido ke iya gani sai farin bayan takarda.

Auta ta ajiye butar a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, shi ma bai yi ba, da-na-sani dai ƙeya ce. Sun daɗe suna kallon hannun nan mai riƙe da kwano, da garin da ya miƙe hagu da dama, kowace waya ta haɗu da 'yar'uwarta.

Can ta ce, "Ba komai, Baba. Kai ka gan ta ai. Faɗa min, zan riƙe. Dariya take yi?"

Ya rufe ido ya koma kan dutsen. Komai ya dawo masa: rana tana bayan kafaɗarsa ta hagu, inuwar gajimare ta rufe rabin kasuwa, hayaƙi na tashi daga wajen maƙera. Yana iya faɗin lambar da ya saita kyamara a kai. Ya nemi fuskar a gefen dama, ya sake nema.

"Baba?"

"Ban duba ba, Auta," ya ce. "Inda zan rufe nake dubawa."