Zaure Ɗaya, Tukunya Uku

Damanar bana ta cika shekara talatin da muka binne Rabi a Filinge. Faccalata ce, matar ƙanen mijina. An saba jin faccaloli ba sa shiri, amma ni da ita tabarma ɗaya muke shimfiɗawa. Ita ce ma ta ja ni zuwa ajin yaƙi da jahilci, bayan na gane allunan da take karanta mini a kasuwa ƙirƙirarsu take yi. Da wannan ɗan karatun nake rubuto muku.

Gidanmu zaure ɗaya ne, tukunya uku. Babban wa, Alhaji, yana fataucin hatsi tsakanin Filinge da Abala, rumbunansa suna tsaye a tsakar gida. Mu muna ci, ba ƙoshi. Mijin Rabi ya tafi cirani bakin teku, shiru. Kowa a ƙasar Kurfai ya san irin wannan zama: ƙofa ɗaya ake shiga, amma kowace mace da murhunta, kuma rumbun wa ba na ƙane ba ne.

Shekarar fari, zamanin mulkin soja, aka turo masu auna talauci don a san gidajen da za a ba dawar taimako. Baƙo namiji ba ya wuce zaure, su ma ba su nemi wucewa ba. Suka tambayi mai gida. Alhaji ya gyara riga ya ce gidansa babu mai kwana da yunwa. Suka leƙa ta kan katanga, suka ga rumbuna, suka yi gaba. Muna jin komai daga bayan zana. Rabi tana shayar da jaririyarta Zali, ta zungure ni ta ce, "Yaya, kin ji? Ashe mu attajirai na, ba a hwaɗa muna ba." Muka yi dariya. 

Ba zan ce yunwa kaɗai ta kashe ta ba, Allah ne ya san kwanan kowa. Amma na ga mai shayarwa tana jiƙa anza, abincin daji na lokacin yunwa, don ɗacinta ya fita, rumbu cike yana yi mata inuwa. Abin da nake raba mata bai kai ya riƙe uwa da ɗiya ba. Zazzaɓin farkon damana ya ɗauke ta. Alhaji ya ba da likkafani mai kyau, aka yi ta yabonsa. Ni na yaye Zali.

Tun daga nan an sha canjin mulki. Wani lokaci rediyo ya ce tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi ta ragu, wani lokaci ya ce ta ƙaru. Ba na musu da masu ilimi. Ina dai so in san a wace ƙofa suka tsaya, kuma wa ya amsa musu.

Bana ma sun zo, samari daga wani furoje, wato shirin taimako, kowa da wayarsa. Zali mijinta ya rasu, ya bar ta da yara huɗu a gidan wansa, mai shago a kasuwa. Na je duba ta sai na tarar ana shiri. Wan mijin ya kai babur gidan maƙwabci, ya sauke faifan sola daga rufi, ya sa tsohuwar riga. Ya tsaya a zaure ya lissafa marayun nan cikin waɗanda yake ciyarwa, shi da ko ranar salla ba ya aika musu da kwano. In taimako ya zo, hannunsa zai faɗa. Me Rabi za ta ce? A zamaninta mai hali yana jin nauyin a ce akwai mabukaci a gidansa. Yanzu aron mabukata yake yi. Ban san wanne ya fi ƙazanta ba.

Ban ankara ba Zali ta sauke tukunyarta daga murhu, ta kai zaure, ta dire gaban ɗaya daga cikin samarin. "Malam, buɗe ka gani. Wagga ita ta gidana."

"Ke, koma ciki!" in ji wan mijin. "Ba ki da kunya?"

"Tana cikin tukunya, Yaya. Ita munka ci jiya."

Saurayin ya rubuta ta daban. Har yanzu taimakon bai iso ba. Wan mijin kuwa bai bari an kwana biyu ba, ya ce tunda tana da gidanta, sai ta nemi inda za ta kafa shi.

Rabi ba ta bar gona ba, ba ta bar ko akuya ba, kabarinta ma ya baje. Bakinta ta bari. Ita ni kaɗai take gaya wa a ɓoye, ɗiyarta ta faɗa a gaban maza, ta kuma biya da ɗakin kwananta. Yanzu Zali da yaran suna wurina, murhunta yana jikin nawa. In masu aunawa sun dawo, ban san gida nawa za su ce muna ba, amma a zauren nan Zali za su tarar.