Ba Tarin Hajji Ba Ne

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, kuma na ga saƙonninku. Ina raye. A gida an ce in gaya muku tarin Hajji ne ya kwantar da ni. Ni kuwa ba zan faɗi haka ba, don ba gaskiya ba ne.

Duk wanda ya tashi a Makka ya san tarin Hajji. Alhazai su watse, su bar mana tari, kowa ya yi ta kuf-kuf har ya gaji ya daina. Bana ina taya Mama sayar da humra da turaren wuta a Aziziyya, cikin cunkoso, don haka da na fara tari babu wanda ya ɗaga kai. Mama ta haɗa min zuma da citta. Goggo, ƙanwar Baba, ta ce sanyin na'ura ne.

Alhazai suka tafi, tarin kowa ya tafi, nawa ya zauna.

Hawa bene ya zama aiki. Wata safiya na sunkuya zan ɗauki tiren turare, sai na ji kamar an soka min wuƙa a haƙarƙarin dama. Na ja numfashi, ya ƙi zuwa. Tsoron da na ji a lokacin, ko maƙiyina ba na yi masa fatansa.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjina, aka ce huhun dama ya tsage, iska ta taru ta danne shi. Aka huda gefena aka sa roba. Allura, iskar taimako a hanci, awon jini kullum da safe, ga wata kwalba a ƙasan gado tana ɓulɓul duk lokacin da na yi tari. Mama ta rufe shago, daga baya awarwaronta ma suka tafi a kuɗin magani.

Likita ya tambaya ko ina shan taba. Kafin in buɗe baki Mama ta rantse: "Wallahi ya daktor, a'a. Hancina sana'ata ne, da na ji."

Na ce, "Sahba nake sha." Wato sigarin lantarkin nan da ake zuƙa a yar.

Ya ce tun yaushe? Na ce tun ina shekara goma sha huɗu. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba zai iya rantsewa ita kaɗai ce ta jawo ba, amma in na ci gaba, in sa ran dawowa kan gadon nan.

Mama ta yi kuka, ba don kunya ba, don haushin kanta. Matar da za ta shinshini kwalba ta gaya maka an yi wa turare algus, shekara biyar tana jin ƙamshin mangwaro a ɗakina tana cewa cingam ne. Na ce mata kada ta zargi hancinta. Da gangan aka yi abin don ya wuce hancin uwa.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Ana cewa ba a yi wa yara ba, ga gargaɗi a jikin kwali. To ku gaya min, wane mai gemu ne yake neman sigari ruwan hoda mai ɗanɗanon alewar madara, da zanen kyanwa a jiki? Ta farko da na sha, ina sanye da kayan makaranta. Mai shagon kayan waya ne ya zaro ta daga ƙarƙashin kanta, ya ce in ɗanɗana, kyauta, ai ba taba ba ce, ƙamshi ne kawai. Ya san shekaruna sarai. Tun muna unguwar Nakkasa, kafin a rushe gidajenmu, yake gaisawa da Baba.

Shi ya sa Goggo ta zo dubiya da nata wa'azin. "Khalas ya binti, ya isa haka 'yata, ki rufa mana asiri. Mutumin nan namu ne, mu kaɗan ne a garin nan. Ki ce tarin Hajji ne, magana ta mutu."

Na kusa yarda, don ba ni da ƙarfin musu.

Bayan an sallame ni, ƙanwata Safiyya ce take canja min bandeji. Shekararta goma sha uku. Ta daɗe tana kallon ramin da robar ta bari. Sai ta tashi, ta ɗauko jakar makarantarta, ta ajiye min wani abu a tafin hannu. Ruwan hoda. Mangwaro.

Ta ce, "Shi ne ya ba ni. Ya ce kyauta."

Ina kwance a asibiti da roba a haƙarƙari mai shagon nan ya ba ta.

Daga ranar na daina jin kunyar kowa. Baba ya kai ƙara inda ya dace, ni kuma ga shi na rubuta.

Alhamdulillahi, yanzu ina yin ɗawafi ba tare da na tsaya hutawa ba. Kwaɗayin abin yana zuwa har yau, ba zan ɓoye ba, amma ba ya cin nasara. Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan jinya, na gode wa Mama da ba ta bar gefena ba, da ku masu addu'a.

Iyaye, in kun ji ƙamshin kayan marmari a ɗakin da babu kayan marmari, ku tambaya, cikin lalama. Tarin da ya wuce na kowa, a je a ɗauki hoto. 'Yan'uwana masu sha, ku gaya wa likita gaskiya.

Goggo, na san za a karanta miki wannan. Ki yi haƙuri. Asirin da kika ce in rufa, a jakar Safiyya na same shi.